Yadda Ake Zagayawa da Baƙo Mai Lalurar Ƙafa a Birnin Kebbi Ba Tare da Kuɗin Shiga Ba

Duk mai gida a Birnin Kebbi ya san ba ya rabuwa da baƙi. Wani ya taho daga Yawuri ganin likita, wata daga Kamba ta zo bikin jika, wani dattijo daga Zuru ya zo bin haƙƙinsa na fansho, ga kuma masu rakiyar maniyyata lokacin aikin Hajji. In an gama abin da ya kawo su, masu ƙafa sai su bazu cikin gari, a bar wanda ƙafa ta ƙi a ɗaki da rediyo. Tsohon da gwiwa ta ci, matar da shanyewar ɓarin jiki ya taɓa, saurayin da shan-inna ta kama tun yana yaro, wanda haɗarin babur ya zaunar a keke, su ne ake ce wa, "Ku huta, yanzu za mu dawo." Da yawansu ba hutun suke so ba. Kunya ce ke hana su cewa a tafi da su, kada a ce sun zama nauyi.

Alhali mafi daɗin abin kallo a garin nan ba a yankar masa tikiti. Ƙofar fada, bakin gulbi, fadamar shinkafa, kasuwa da filin ƙwallo da yamma, duk kyauta ne. Abin da ke hana mai lalura zuwa wuraren nan ba kuɗi ba ne, ƙasa ce: yashi, kwata, dakali, matakala, sai rana da rashin makewayin da ya dace. Waɗannan kuwa ana shawo kansu ne tun jiya, ba ranar fita ba.

Fara da tambayar mai tafiyar

Kafin ka tsara komai, zauna kusa da shi ka tambaye shi. Kada ka tambayi ɗansa ko matarsa alhali yana zaune yana jin ku. "Baba, in mun samu sarari gobe, ina kuke son gani?" Za ka sha mamaki. Kai kana tunanin kai shi ya ga sabbin gine-gine, shi kuwa abin da ke ransa shi ne unguwar da ya yi almajirci shekara hamsin da suka wuce, ko kuma ya ga ruwa, don rabonsa da bakin gulbi tun yana da ƙarfinsa.

Daga nan sai tambayoyin da ba a cika son yi ba, amma su ne ginshiƙin tafiyar. Minti nawa yake iya tsayawa? Taku nawa yake yi da sanda kafin ya nemi wurin zama? In a keke yake, awa nawa yake iya zama kafin baya ko ɗuwawu su fara ciwo? Yaushe yake shan magani, kuma akwai mai sa yawan fitsari a ciki, irin wanda ake ba wasu masu hawan jini? Yana iya tashi daga keke ya koma kujerar mota da kansa, ko sai an ɗaga shi? In baƙuwa ce, mace 'yar'uwarta ta yi mata waɗannan tambayoyin a keɓe, kuma a tabbata akwai mace a cikin masu rakiya. Inna ba za ta gaya wa surukinta cewa tana neman makewayi ba, sai dai ta yi shiru ta ce a koma gida kanta na ciwo.

Amsoshin nan su za su nuna maka wane irin baƙo kake da shi. Mai dogara sanda matsalarsa nisa da rashin wurin zama. Wanda ake turawa a keke matsalarsa ƙasa da faɗin ƙofa. Mai keken guragu mai taya uku da ake murzawa da hannu kuwa sau da yawa ya fi ka sanin titi, abin da yake buƙata kawai inda zai ajiye keken da yadda zai shiga ciki in an isa.

Je ka leƙo hanya da ƙafarka

Wannan shi ne aikin gaske, kuma shi ne wanda kowa ke tsallakewa. Kwana ɗaya kafin fita, ka hau kabu-kabu ka bi duk inda kuke nufin zuwa, a daidai lokacin da kuke nufin zuwa. Wurin da ke da inuwa da ƙarfe takwas na safe yana iya zama tsakiyar rana da sha ɗaya, kuma hanyar da take fayau ranar Talata tana iya cikewa da masu talla ranar Juma'a.

Ka tafi da igiya. Auna faɗin keken daga bayan wannan taya zuwa bayan waccan, ka ƙara kamar tafin hannu guda saboda yatsun mai zama, ka ƙulla igiyar a nan. Yawancin kekunan manya faɗinsu tsakanin santimita 60 ne zuwa 70, shi ya sa ƙofar da ba ta kai santimita 80 ba take wahalar shiga. Duk ƙofar da ka isa, ko tsakanin rumfa da rumfa, ko siririyar gadar siminti da aka ɗora kan kwata, sai ka miƙa igiyarka. In ba ta shiga ba, keke ma ba zai shiga ba, kuma gara ka sani yau da ka sani gobe mutane na kallo.

Sai ka dubi ƙasa. Abin da mai ƙafa ba ya lura da shi, shi ne ke tsayar da keke. Birnin Kebbi gari ne mai yashi, musamman a lungunan tsohon gari da gefen titi inda kwalta ta ƙare. Ƙananan tayoyin gaba na keke suna nutsewa a yashin da bai kai zurfin yatsa ba. Ka taka wurin da diddige: in ya nutse, nemi wata hanya ko ka shirya ja da baya. Ka lura da kwatar da murfinta ya karye, da tudun da masu shaguna ke yi a ƙofarsu don tare ruwan sama, da tsakuwar da aka zube ba a baje ba.

In ka ga gangaren siminti da aka yi domin keke, kada ka yi murna tukuna, duba tsayinsa. Ƙa'idar da masu gini ke bi ita ce duk tashin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Da yawa daga waɗanda ake yi a garuruwanmu an yi su ne don shigar da babur, sun miƙe tsaye ƙwarai, mutum ɗaya ba zai iya tura babba a kansu ba, saukowa kuma ta fi hawa haɗari. Irin wannan ka ɗauke shi tamkar matakala, ka tanadi mutum biyu.

Abu uku za ka dawo da su daga wannan leƙe: inda mota za ta tsaya mafi kusa, inda za a zauna a inuwa, da makewayin da za a yi amfani da shi. Ka kuma yi magana da mai gadi ko wani mai shago a wurin, ka ce gobe za ka zo da mahaifinka ba ya iya tafiya. Mutanen Kabi ba su da ƙyashin taimako in an sanar da su da wuri. Gobe za ka tarar an kawar da benci daga hanya, wani lokaci har an share maka wurin tsayawa.

Zaɓi lokaci

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma ƙarfen keke da ledar kujerarsa suna ɗaukar zafi har su ƙona fata. Wanda ya samu rauni a laka sau da yawa ba ya jin ƙunar a ƙafafunsa, jikinsa kuma ba ya yin gumi yadda ya kamata, don haka zafi yana iya kayar da shi kafin ya ankara. A irin wannan lokaci fita biyu ce kawai: daga bayan asuba zuwa wajen ƙarfe goma, ko daga bayan la'asar zuwa magariba. Damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, bakin gulbi laka ne, ruwa yakan cika fadama har ya taɓa hanya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a tanadi rigar sanyi da takunkumi saboda ƙurar hunturu, musamman ga mai asma.

Wuri biyu a fita ɗaya ya isa. Uku ya yi yawa.

Shirya keke da kaya

Da daddare ka duba keken. Matsa tayoyi ka ji iska, ka ja birki na dama da na hagu ka tura ka ga ko yana riƙewa, ka ɗaure duk kusar da ta saki a matakin ƙafa. In tayar mai iska ce, ka saka famfo a jaka, don ƙayar tsidau da ta aduwa ba su san mai lalura ba. Duk mai facin keke ko babur zai iya yi maka faci, amma kafin ka same shi mutum na zaune a rana. In ba ku da keke kuma baƙon da ƙyar yake takawa, ku ara na kwana ɗaya a unguwa, da wuya a rasa gidan da aka taɓa jinya. Wasu dattawa suna ƙin hawa, suna ganin kamar an yanke musu ƙauna ne. Kada ka matsa. Ka ce, "Kawu, mu saka shi a bayan mota kawai, ko da za a buƙata." Yawanci bayan tsayawa ta farko da kansu suke cewa a kawo.

A jaka: ruwan sha mai yawa, magungunansa, dabino ko alewa in mai ciwon suga ne, laima, matashi mai laushi na zama, zane ko tawul, buta, tsumma, da kujerar roba ko mai naɗewa ga mai sanda. Katako guda mai kauri, wanda ya ɗan fi keken faɗi, yana maganin ƙaramar kwata da dakali mai hawa ɗaya, in akwai wurinsa a mota.

Abin hawa

A nan ne yawancin kuɗin zai fita. Ƙaramar mota ta fi babbar jif sauƙi, domin kujerarta kusan tsayi ɗaya take da keke. A ba baƙo gidan gaba, a tura kujerar baya sosai. A kawo keken dab da ƙofa a ɗan karkace, a ja birki, a ɗage matakan ƙafa. Ya fara zama tukuna, sannan a shigar da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. In mai shanyewar ɓarin jiki ne, a juya shi ta ɓangaren da ke da ƙarfi, kuma kada a taɓa jan sa ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana saurin gocewa. Riƙo a ƙugu ake yi, ba a hammata ba.

In babu mota, ku ɗauki shatar Keke Napep. Ku yi ciniki tun kafin a hau, ka faɗa masa wuraren da za a je da cewa akwai jira, kuma ka roƙe shi ya bi a hankali a kan tudun rage gudu. Keken da ake naɗewa yana shiga a gaban kujerar baya in mutum biyu ne kawai a ciki. Kabu-kabu kuwa a bar shi ga mai leƙen hanya, bai dace da wanda ba ya iya riƙe jikinsa ba.

Ƙofar fada

In baƙonka mai son tarihi ne, daga nan za a fara. Fadar Abdullahi Fodiyo ita ce mazaunin Sarkin Gwandu, kuma mai riƙe da sarautar tun 2005 shi ne Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar. Baƙi da yawa suna mamakin yadda Sarkin Gwandu yake zaune a Birnin Kebbi ba a garin Gwandu ba, to ga abin hira a hanya. Garin nan tsohuwar hedikwatar Kabawa ce, jikokin daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 yana mulki daga Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu, ta ci birnin. Daga baya Kabawa suka kafa sabuwar fadarsu a Argungu, Malam Abdullahi kuma ya zauna a Gwandu, inda hubbarensa yake har yau, yana kula da yammacin daular. Sarakunan Gwandu sun yi zama a Ambursa, sannan a farkon zamanin Turawa fadar ta dawo Birnin Kebbi. Da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, garin ya zama babban birninta.

Ba sai an shiga ciki ba kafin a more. Filin ƙofar fada da kansa abin kallo ne: dogarai da jajayen kaya, hakimai da rawuna suna shiga gaisuwa, masu algaita da kakaki in ranar ta kama. Juma'a da ranakun Sallah sun fi armashi, amma su ne kuma suka fi cunkoso. In za ku je a irin waɗannan ranaku, ku riga jama'a isa, ku kama wuri a gefe inda bango ko bishiya ke bayanku, ba a tsakiya ba, kuma nesa da hanyar dawaki. Doki in ya firgita mai ƙafa yana tsalle ya kauce, mai keke ba shi da wannan damar. Ku kuma yi haƙuri jama'a su ragu kafin ku tashi.

In kuna son shiga gaisuwa, tun ranar leƙe ka sami ɗaya daga cikin dogarai ko fadawa ka yi masa bayani. Al'adar fada ita ce a cire takalmi a zauna ƙasa, kuma dattijon da ba ya iya durƙusawa yakan ji nauyin a gan shi a kan kujera gaban manya, har ya fasa shiga. In an sanar tun farko, su za su nuna muku ƙofar da ta fi sauƙi da inda za a tsayar da shi. Ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya ce "Allah ya ja zamanin Sarki," gaisuwa ta cika. Kada a ɗauki hoto sai an nemi izini.

Bakin gulbi da fadama

A ganina, in wuri ɗaya kawai za a iya zuwa, to a je nan. Ku bi hanyar Dukku da ta nufi Makera, da yamma bayan la'asar. Gulbin Kabi, wanda ya taho ta Sakkwato da Argungu yana gangarawa ya haɗu da kogin Kwara, ya shimfiɗa fadama mai faɗin gaske a gefen garin. Da rani za ka ga shinkafa kore shar iyakar ganinka, injinan ban-ruwa suna ta ƙara, masunta a cikin kwalekwale suna jefa birgi, shanun Fulani suna gangarowa shan ruwa, balbelu na bin su. Wannan fadamar da irinta su suka sa aka zaɓi Kebbi a Nuwamban 2015 don ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya. In baƙonka tsohon manomi ne, ba sai ka yi masa bayanin komai ba, shi zai riƙa gaya maka wace gona ce ta sha taki, wace ce ruwa ya yi wa yawa.

Daɗin wurin shi ne ana ganin komai daga cikin mota. A nemi inda gefen hanya yake da faɗi da tauri, a kauce wa kan gada da kwana, a tsaya, a buɗe ƙofa ta ɓangaren da ba motoci. Wanda ba ya son sauka ya juyo da ƙafafunsa waje ya sha iska. In za a sauke keke, a tsaya a kan tudu. Kada a gangara da shi bakin ruwa ko da ƙasar ta yi kama da busasshiya, domin laka takan bushe a sama ƙasanta na da danshi, kuma gangaren da aka sauka da sauƙi hawansa sai an nemi gudummawa. A ja birki biyu duk lokacin da aka tsaya, a juya keken ya ba gangare gefe, ba fuska ba. Sauro yana fitowa da wuri a fadama, ku tashi kafin a kira magariba. Akwai barikin soja a wannan shiyyar, don haka a kiyaye inda ake nuna kyamarar waya.

Kasuwa, filin wasa da zagayen mota

Babbar kasuwa tana da daɗi ga mata musamman, amma cikinta matsattse ne. Ku je da safe kafin ta cika, ku tsaya a layukan bakin hanya, a sami mai shagon da zai ba Gwaggo kujera, yara su riƙa kawo mata kaya tana tayawa da bakinta. Cinikin shi ne abin da ta yi kewa, ba kayan ba. Kallo kyauta ne, amma wanda ya zauna a shagon mutum rabin awa ya kyautu ya sayi ko da ƙullin daddawa ne.

Matashi mai son ƙwallo a kai shi filin wasa na Haliru Abdu da yamma lokacin da 'yan wasa ke atisaye, a nemi mai gadi ya nuna inda keke zai tsaya a ƙasa ba sai an hau matakala ba. Wanda kuma sauka daga mota ke yi wa wuya gaba ɗaya, a yi masa zagaye a hankali: ta titin Ahmadu Bello, a wuce asibitin tunawa da Sarki Yahaya, a leƙa Gesse da Badariya, a fita ta Gwadangaji a nufi Ambursa inda filin jirgin sama na Ahmadu Bello yake, ko a bi hanyar Kalgo a ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Wanda ya san garin kafin ya zama hedikwatar jiha zai yi ta nuna maka inda da gonaki ne.

In jiki ya ba da dama, a ware wata rana daban domin Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50. Gidan tarihi na Kanta tsohuwar fada ce da sarakunan Argungu suka zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Tsohon gini ne irin na da, mai zauruka da ƙofofi, don haka igiyarka za ta yi aiki a nan, kuma a riƙe ɗan abin da za a ba mai zagayawa da baƙi. Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin al'adun duniya a 2016, ya fi sauƙin gani a ranar da ba biki. Ranar kamun kifin kanta dubban mutane ne ke rugawa cikin ruwa da homa da gora, ba wurin keke ba ne sai in an sami wuri a rumfar baƙi. A tafi da safe a dawo tun rana ba ta yi nisa ba, kuma a tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kafin a kama ta.

Yadda ake tura keke

Kowa yana ganin ya iya, sai ya kifar da mutum. Kafin ka motsa, ka faɗa: "Baba, za mu tafi," "Za mu ɗan ɗaga." Wanda aka tura ba sanarwa gabansa faɗuwa yake yi. Duba ƙafafunsa suna kan mataki, babbar riga ko zane ko gyale ba sa jan ƙasa kusa da taya.

Hawa dakali: ka fuskance shi, ka taka ɗan ƙarfen da ke ƙasa a bayan keken, ka danna hannuwa ƙasa har ƙananan tayoyi su ɗaga su sauka a kan dakalin, sannan ka tura manyan su hau. Sauka: ka juya baya, kai ka fara sauka, manyan tayoyi su biyo ka a hankali kana tare keken da cinyarka. Gangare mai tsayi ma da baya ake saukarsa. A yashi, ka karkato keken kan manyan tayoyi ka ja da baya. In matakala ta fi biyu, mutum biyu ko uku: mai ƙarfi a baya yana riƙe da hannuwan turawa, na gaba su kama ƙarfen jikin keken. Kada a kama matakin ƙafa ko madogarar hannu, suna cirewa. In 'yan taimako suka taru, mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, kuma mai keken ne ya fi kowa sanin yadda ake ɗaga shi, a saurare shi.

Wanda ba ya jin ƙasan jikinsa ya riƙa ɗaga jiki ko karkatawa gefe duk bayan minti 15 zuwa 30, don gudun gyambon zama.

Makewayi da sallah

Wannan shi ke yanke yawancin fita. Makewayin masallatai da gidajen mai galibi na tsuguno ne, ƙofarsu ƙarama, ƙasansu da santsi. Mafita mafi sauƙi ita ce a tsara hanya ta bi kusa da gidan ɗan'uwa ko aboki mai masai na zama, a sanar da matar gidan tun jiya. In babu, a tafi da kujerar ba-haya mai naɗewa, ko kujerar roba da aka huda tsakiyarta, a ɗora kan na tsugunon. Ga namiji, gora mai faɗin baki da murfi da zanen da za a kare shi suna isa a cikin mota. Kada a rage wa mutum ruwan sha don gudun wannan, a zafin Kebbi hakan ya fi komai haɗari. Kuma kada ka jira ya tambaya. Ka ce kai ne kake son tsayawa.

In sallah ta same ku a hanya, ya yi alwala tun daga gida in zai iya riƙewa, ko a zuba masa da buta yana zaune. Addini ya sauƙaƙa wa wanda ba ya iya tsayuwa ya yi sallah a zaune. Abin da kan jawo magana a masallaci shi ne tayoyin da suka taka titi, to ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma a bakin ƙofa kowa na gani, ka shimfiɗa tawul ƙarƙashinsu, ku tsaya a ƙarshen sahu kusa da mafita.

Mutane

Za a kalle ku, yara ma za su biyo ku. Abin da ya fi ciwo shi ne wani ya zo da kyakkyawar niyya ya ajiye naira hamsin a cinyar tsohon shugaban makaranta, don a tunaninsa duk wanda ke kan keke bara yake yi. Kada ka yi faɗa. Ka mayar masa da fara'a, ka ce, "Allah ya saka, Malam baƙonmu ne, gari muka fito gani." Shiga mai kyau tana rage wannan, a bar dattijo ya saka babbar rigarsa da hularsa, a tattare rigar kawai daga taya. In mai shago ya tambaye ka, "Me yake so?" ka ce, "Ga shi nan, tambaye shi." In za ku yi doguwar magana, ka durƙusa ko ka ja kujera, kada ya yi ta ɗaga wuya.

Yana da kyau kuma ka san akwai doka. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su fifiko a layi, ta kuma ba gine-ginen gwamnati da na jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar shiga ga masu keke. Wa'adin ya cika, aiki kuwa da saura. In kun isa wurin da aka kulle ƙofar da ke da gangare, ko aka ajiye babura a kanta, neman a buɗe ba roƙon alfarma ba ne. Amma a nema da lalama, ta fi saurin buɗe ƙofa.

Da kun ga alamar gajiya, ko ya yi shiru, ko leɓɓansa sun bushe, ko ya fara zamewa a kujera, ku juya gida ko da saura wuri ɗaya. Bayan an dawo a ba shi ruwa, ya kwanta ya miƙe baya. Wanda ke kula da shi ya duba ɗuwawu, diddige da bayan cinya. In akwai wurin da ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran fata kuma bai washe ba bayan rabin awa, kada ya sake zama a kansa sai ya koma daidai, in ya ƙi a nuna wa ma'aikacin lafiya. Mai ciwon suga a cire masa takalmi a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, domin ƙaya ko tsakuwa tana iya shiga bai ji ba. Keken kuma a kakkaɓe yashin da ya shiga gindin ƙananan tayoyi, a ɗiga musu mai kafin a mayar wa masu shi.